Jackson State a 2021: ya aka yi suka faɗi a wasan ƙarshe?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa, masu bin ƙwallon Amurka ku taimaka. Kwanan nan na fara bibiyar wasannin jami'o'in baƙaƙen fata, na koma kan kakar Jackson State ta 2021, lokacin Deion Sanders na koci. Sun ci wasa 11, sun ɗau kofin SWAC, wato gasar rukunin jami'o'in da suke ciki, da rabon su da shi tun 2007, sai kuma a Celebration Bowl, wasan ƙarshe da ke haɗa zakaran SWAC da na ɗaya rukunin, MEAC, South Carolina State ta lallasa su 31-10, alhali ita wasa 6 kacal ta ci kafin nan. Wai me ya faru ne? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Na kalli wasan nan kai tsaye a waya, 18 ga Disamba, wajen magariba agogonmu aka fara a Atlanta. Ai su Jackson ne ma suka fara cin maki 7, daga nan komai ya kwance. Shedeur, ɗan kocin, shi ke jefa ƙwallo kuma shekararsa ta farko kenan, sau biyu yana jefawa tana faɗawa hannun abokan hamayya, a wasan nan kuwa in ka ba da ƙwallo kusa da gidanka kamar ka miƙa maki ne da hannunka. Ga wani yaron South Carolina State, Shaq Davis, sau 3 yana cafe ƙwallo ya ci su, sun rasa yadda za su yi da shi.

Hajiya Atlanta:
Ƙanena Ɗan Fagge, kar wancan 6 ɗin ya ruɗe ka. South Carolina State su ne zakarun MEAC, kuma kocinsu na lokacin Buddy Pough tun 2002 yake riƙe da su, tsohon hannu ne. Kwana uku kafin wasan Travis Hunter, fitaccen ɗan wasa daga sakandare, ya fasa zuwa Florida State ya sa hannu a Jackson, duk gari maganar kenan, babu mai ko ambaton ɗaya ƙungiyar, ni a ganina hakan ya ƙara musu ƙaimi. Ina filin ranar, makaɗan Jackson, Sonic Boom of the South, gangunansu har a ƙirji kake ji, amma can wajen ƙarshe ɓangarensu ya yi tsit.

Ɗan Fagge:
Na gode Hajiya. To kenan kakar ta tashi a banza?

Baban Hanifa:
Haba malam, ina! Deion fa wasa 3 bai halarta ba yana asibiti, har yatsun ƙafa biyu aka cire masa, a keken guragu ya dawo bakin fili, kuma yaran ba su faɗi ko ɗaya a SWAC ba. 'Yan kallo sama da 42,000 a matsakaici duk wasan gida. Ni wanda ya fi min ciwo ma na 2022 ne, sun zo ba a taɓa cin su ba, North Carolina Central ta doke su 41-34 a ƙarin lokaci, shi kuma Deion ya riga ya karɓi aikin koci a jami'ar Colorado.