Miji AA, mata AS, yaro ya fito SS: shin sai an yi gwajin DNA?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ma'aikatan asibiti da malamai da ke nan ku taimaka mini da bayani, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ƙanwata ce mai bi mini. An yi aurenta a 2022, kuma tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa Babanmu ya kafe sai an yi gwajin jini, saboda akwai sikila a danginmu na wajen uwa. Ita ta fito AS. Shi ya kawo takardarsa AA, da hatimi da sa hannu. Takardun nan biyu har yau suna cikin akwatin Baba.

Allah Ya ba su ɗa namiji, yanzu watansa goma sha huɗu. Watan jiya hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yatsun suka yi suntum, ko zani ya goge su sai ya ƙwala ihu. Uwar miji ta ce sanyi ne, aka yi ta shafe-shafe. Da abin ya ƙi aka tafi asibiti, aka ɗebi jini, sakamako ya fito SS.

Tun ranar gidan ya canja. Mijin bai furta komai ba, amma ya rage zama, abincinta ma sai ya ga dama yake ci. Ƙannensa mata kuwa sun samu abin yi: wai ko a waya ka duba, AA da AS ba sa haifar SS. Ɗaya har ta rubuta a zauren WhatsApp na danginsu cewa a yi DNA kowa ya huta. Yaron nan fa kamar an tsaga kara shi da ubansa, har kunnuwan. Ƙanwata ta rame, ga jinya ga wannan magana.

Tambayata: da gaske ba zai taɓa yiwuwa ba? Kuma mu yarda a yi DNA ɗin ne, ko yaya?

Ɗan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba yaro lafiya. Amma gaskiya ɗaya ce, lissafin a fili yake: AA da AS sai dai AA ko AS. Ni shawarata a yi DNA, ita ba ta ƙarya. In ƙanwarki tana da gaskiya ai ba abin tsoro. Kuma dama sikila ta wajen uwa take biyowa, ga shi ke da kanki kin ce akwai ta a danginku.

Anti Lab:

Maman Sadiya, sannu da wannan jarrabawa. Aikina ke nan, gwajin jini, shi ya sa na kasa wucewa.

Ɗan Sabon Gari, lissafinka daidai ne a allo. Amma ka gina shi a kan cewa takardar mijin gaskiya ta faɗa, alhali a nan gizo yake saƙa. Kuma maganar sikila ta wajen uwa take zuwa, a bar ta. Ƙwayar halittar da ke da alhakin wannan abu tana kan kuromosom na 11, kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ba yadda za a yi uwa ita kaɗai ta ba yaro SS.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: gwajin da ake yi kafin aure, wanda ake kira jinotayif, ba gwajin DNA ba ne. Ba ma ganin ƙwayar halittar mutum ko kaɗan. Sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini muke dubawa, wato himogulobin. A yawancin ƙananan wurare ga yadda ake yi: a ɗiga jinin a kan wata 'yar siririyar takarda ta musamman, a tsoma gefenta cikin ruwan magani, a kunna lantarki. Nau'in A ya fi gudu, S yana baya, C can ƙurya. Sai ma'aikaci ya ɗaga takardar ya duba layukan da idonsa. To in ruwan maganin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ba a sa jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatantawa ba, layukan sai su haɗe su dagule. Ga kuma musayar kwalabe ranar da aka yi cunkoso. Na sha ganin mutum ya zo da takardu biyu daga wurare biyu, ɗaya AA ɗaya AS, yana tambayata wacce zai ɗauka. Ba na kuma so in tsokano wata rigimar, amma kowa ya san akwai masu sayen takarda in sun ga aure zai kuɓuce musu. Ban ce mijin ƙanwarki ya yi ba, na faɗa ne don a san takarda ba wahayi ba ce.

Wannan shi ne abin da ya fi yawan faruwa: mijin AS ne, aka rubuta masa AA.

Akwai na biyu, bai kai na farko yawa a ƙasarmu ba amma yana nan, ana kiransa beta talasimiya. Ki ɗauka gida ne mai injin niƙa biyu, ɗaya ya mutu, ɗayan yana aiki. Wanda ya tsaya a ƙofa yana duba garin da ke fitowa zai ce lafiya lau, domin duk garin da ya gani mai kyau ne. Haka mai ɗauke da wannan abu yake: ƙwaya ɗaya tana yin A, ɗayar ta yi shiru ko tana yin kaɗan. Gwajin takarda zai ce AA, kuma mutumin garau yake yawo. Ranar da ya miƙa wa ɗansa ƙwayar da ta yi shiru, uwa kuma ta ba da S, jikin yaron S kawai zai iya sarrafawa. A gwaji sai ya fito tamkar SS, ciwon ma iri ɗaya. Uban nasa ne, uwar tasa ce, ba wanda ya ci amanar wani.

Don haka ga abin da zan ce ku yi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na DNA ba. Ku ɗauki su ukun, uba da uwa da yaro, ku je babban asibiti inda ake da na'urar da ake kira HPLC. Ita ba da ido ake karantawa ba, tana fitar da adadin kowane nau'i. A roƙi likita ya duba adadin A2 na uban, wani ƙaramin nau'in himogulobin ne: in ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, alamar talasimiya ce. A haɗa masa da cikakken ƙidayar jini, domin masu ita ƙwayoyin jininsu ƙanana ne. In an yi wa yaron ƙarin jini a kwanciyar nan ku faɗa, sai an jira kamar wata uku, don jinin da aka ƙara masa zai rikita sakamakon.

Za ku ji dangin miji suna cewa su a zuriyarsu ba a taɓa yin sikila ba. Kowa haka yake cewa. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, da ke Jigawa a yanzu, aka gwada jinin dubban mutane. An tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu AS ne, jarirai kuma kusan biyu cikin ɗari SS ake haifarsu, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai SS. Ina suka tafi? Sun rasu suna ƙanana ba wanda ya san sunan ciwon. Wasu an ce shawara ce, wasu an ce wabi. Kuma dalilin yawan S a yankinmu sananne ne tun 1954, lokacin da Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ta bazu a yankuna irin namu da wannan zazzaɓi ya yi yawa. Ba tambarin wani gida ba ce.

Tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 masu zuwa sun ƙaru sosai, abin farin ciki ne. Ni dai abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo wurina: ka maimaita a wani wuri dabam kafin a sa rana.

Malam Abu Huzaifa:

Allah Ya saka wa Anti Lab da alheri. Ni ta ɓangaren addini zan ɗan tofa.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nuni da shakka. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e, jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya zo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta jawo shi. Aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne. Ba a ba shi damar kore yaron ba.

Ƙa'ida ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna kan gwajin DNA a 2002, ta halatta shi a irin musayar jarirai a asibiti, da ɓatan yara, da gane gawarwaki, amma ta hana a yi amfani da shi don kore nasabar da ta riga ta tabbata ta hanyar aure. Su kuma ƙannen miji wani babba ya zaunar da su ya karanta musu aya ta 4 ta Suratun Nur. Jifan kamammiyar mace bulala tamanin ne, kuma rubutu a WhatsApp ma furuci ne.

Baba Alhaji Kumasi:

Gaisuwa daga zango. 'Yata, ki bi shawarar ma'aikaciyar nan. A nan Kumasi tun 1995 aka fara gwada jarirai da zarar an haife su, aikin marigayi Farfesa Ohene-Frempong, don haka mun ga irin wannan rikici da yawa. Mu ma har da ƙarin nau'in C, wanda ya yi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Mutum yana ganin shi ba AS ba ne ya tsira, ashe AC ne, ya auri AS su haifi SC, ita ma sikila ce.

Ɗan Sabon Gari, gwajin DNA na nasaba yana da ƙarfi ƙwarai, ban musa ba. Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a Leicester ta Ingila a 1984, kuma shari'ar farko da aka yi da ita a 1985 ta wani yaro ce ɗan asalin Gana da hukumar shige da fice ta ce ba ɗan uwarsa ba ne, gwajin ya nuna nata ne. Amma amsa ɗaya yake bayarwa, wane ya haifi wane. Ba zai gaya maka me ya sa yaro ya yi sikila ba, ba zai gaya maka abin da zai faru a ciki na gaba ba. Gidan nan kuwa wannan amsar suke buƙata. Sannan ko ya fito ya wanke ta, matar da aka ɗebi yawun ɗanta don a tabbatar ba ta yi zina ba, kana jin za ta manta?

Maman Sadiya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Baba ya ce shi da kansa zai kira mijin su tafi tare. Anti Lab, saura ɗaya. Wata maƙwabciya ta ce tunda ɗaya cikin huɗu ne kuma an riga an samu ɗayan, uku masu zuwa lafiya za su fito. Ta kuma ce akwai mai maganin gargajiya da ke mayar da SS ya koma AA cikin wata shida.

Anti Lab:

Duka biyun ba haka ba ne, Yaya.

In mijin ya fito AS, ko mai talasimiya, kowane ciki da nasa lissafin daga farko: ɗaya cikin huɗu. Cikin baya ba ya rage wa na gaba komai. Na san gidan da AS biyu suka haifi biyar ba mai sikila ko ɗaya, na san wanda uku a jere duk SS.

Mai maganin kuwa kuɗinku zai ci, in ya nuna muku takardar AA daga baya to kun dai ji yadda ake samun irinta. Abin da ke warkar da sikila zuwa yanzu dashen ɓargo ne, an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, sai kuma sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa a lokacin dala miliyan 2.2. Kuma ko wanda aka yi wa waɗannan, jininsa ne ya gyaru, S ɗin tana nan zai iya ba 'ya'yansa.

Ku mayar da hankali kan yaron. A yi masa rajista a asibitin masu sikila. Za a ɗora shi a kan fenisilin kullum har ya kai shekara biyar, da folik asid, da rigakafin zazzaɓi, a cika masa allurai, ya riƙa kwana cikin gidan sauro yana shan ruwa sosai. Ku tambayi likita maganar wani maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya, ana fara ba yara tun suna wata tara. In ya cika shekara biyu a yi masa hoton jijiyoyin kai, wanda ke nuna yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki; an yi babban bincike a kan wannan a nan Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, don haka akwai waɗanda suka iya. Uwar ta koyi taɓa gefen hagu na cikinsa don ta gane in saifa ta kumbura. In jikinsa ya yi zafi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti, kada a ba shi farasitamol a ce sai gari ya waye.