Wane suna za mu ba "ventilation naturelle" da Hausa?

Jama'a, injiniyoyinmu na Marwa da Garwa da Njamena suna yawan cewa "ventilation naturelle", magini da mai gida kuwa sukan ɗauka zancen fanka ake yi. Abin da ake nufi shi ne iska ta shiga ɗaki ta fita da kanta, ta kwashe zafi ba tare da wutar lantarki ba, kuma a ƙasar da zafin Afrilu yake wuce digiri 40, ya kamata wannan ilimi ya sami suna a harshen da ake magana da shi a wurin gini.

Wani dattijo ya kawo "shan iska", amma wannan na mutum ne da ya fita hutawa. Wani malami ya ce "zagayawar iska", sai dai fanka ma tana zagaya iska a rufaffen ɗaki, zafin kuma yana nan.

Ni dai na tsaya a kan "shige da ficen iska", domin sunan yana ɗauke da sharaɗin aikin. Iska ba ta ratsa ɗaki sai an yi mata mafita, ko dai taga a bangon da yake fuskantar wanda ta shigo ta cikinsa, ko kuma kafa a sama, tun da iska mai zafi tashi take yi. Mutanen Musgum na yankin Pus a arewacin Kamaru sun daɗe da sanin haka, ɗakunansu na laka masu tsini suna da kafa a ƙololuwa. Maginin da ya saba jin "fice" zai yi wuya ya tara tagogi a bango guda.

Saura sunan manhajojin kwamfuta masu lissafin wannan iska, irin su EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, da CONTAM da OpenFOAM. An ce "manhajar auna iska", ban yarda ba, saboda aunawa sai abin da ya riga ya kasance. Waɗannan kuwa ana ba su zanen gida da kaurin bango da bayanan yanayin gari, su lissafa sau nawa iskar ɗaki za ta sabunta cikin awa ɗaya, da sanyin da buɗe tagogi da dare zai bari a bango, tun ba a aza tubali ba. Don haka nake ganin "manhajar hasashen iskar gini" ta fi dacewa, kamar yadda muke cewa hasashen yanayi.

Malamai da magina, idan akwai sunan da ya fi waɗannan sauƙi a baki, ku kawo mu duba.