"Cannabis social club": wace kalma za mu sa mata da Hausa?

'Yan uwa masu fassara da masu aikin jarida, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana a kanta. Tun da Jamus ta sassauta dokar tabar wiwi a ranar 1 ga Afrilu, 2024, "cannabis social club" take shigowa cikin labarai, kowa kuma na fassara ta yadda ya ga dama. Wani ya ce shagon wiwi, wani mashayar wiwi, wani ya bar ta a kulob. Ban gamsu da ko ɗaya ba, saboda abin da kalmar za ta jawo wa baƙon da ya karanta ya gaskata.

Tushen abin a Sifaniya yake. Dokar ƙasar ta hana fataucin wiwi, amma ba ta mai da shan da mutum ya yi a cikin gidansa laifi ba. Ta wannan kafa wata ƙungiya mai suna ARSEC a Barcelona ta gwada noma wa membobinta a farkon shekarun 1990, daga baya wasu suka bi sahu. Tsarin shi ne manya su yi rajista, su yi karo-karo, a noma daidai buƙatarsu, kowa ya karɓi kasonsa. Ba riba, ba talla, kuma sabon shiga sai wani memba ya tsaya masa.

To, shago ya faɗi tun nan. Shago duk mai kuɗi a aljihu ya shiga ya saya. Wannan sunan ya fi dacewa da wuraren Amsterdam na ƙasar Holan, inda ake sayar wa mutum har giram 5. Ko a can ma, tun Mayun 2023 an hana sha a kan titunan tsohuwar unguwar De Wallen, tarar Yuro 100 ce, birnin Maastricht kuwa mazauna ƙasar kaɗai ake sayar wa.

Mashaya ta fi kusa, don a Barcelona ana zama a sha a ciki. Sai dai a Jamus doka ta hana sha a harabar ƙungiyar: ka karɓi kasonka ka yi gaba. Membobi ba sa wuce 500, ba a ba kowa fiye da giram 25 a rana, ko 50 a wata, kuma sai wanda ya yi wata 6 yana zaune a ƙasar. Ta yaya za a ce mashaya a inda ba a sha? Kulob kuma, da jin sa kiɗa da rawar dare ke zuwa wa mutum a rai. Wasu sun kawo daba. A kunnen Bahaushe daba matattarar 'yan sara-suka ce da ke gudun hukuma, waɗannan kuwa sunansu na cikin kundin hukuma.

Inda na fi damuwa shi ne Barcelona, don can ne baƙi ke faɗawa rami. Matsayin ƙungiyoyin bai zauna daram ba har yau. A 2017 majalisar Kataloniya, yankin da Barcelona take, ta yi musu doka, har ta sa sabon memba ya jira kwana 15 kafin a ba shi komai, don a toshe masu zuwa yawon buɗe ido. A 2018 Kotun Tsarin Mulki ta soke ta. Ƙa'idar da birnin Barcelona ya kafa a 2016 ita ma kotu ta rushe ta, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021. Duk da haka 'yan kamasho na tare baƙi a kewayen babban titin La Rambla suna cewa a zo a yi rajista nan take. Wanda ya bi su ya fito da ƙulli a aljihu, ɗan sanda ya tare shi a titi, dokar tsaron jama'a ta 2015 ce za ta hau kansa: tara daga Yuro 601 zuwa 30,000. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da muka rubuta wa "shago" mu muka ba shi ƙwarin gwiwar shiga.

Shawarata ita ce "ƙungiyar gama-kai ta wiwi", a taƙaice "gama-kan wiwi". Bahaushe ya san ƙungiyar gama-kai ta manoma: akwai littafin rajista, akwai kuɗin shiga, in taki ya zo 'yan ƙungiya kaɗai ake raba wa, mai wucewa ba shi da kaso. Duk abin da baƙo ke buƙatar ya fahimta yana cikin kalmar, kuma ta dace da Malta, wadda ta yi dokarta a 2021, da Yurugwai tun 2013, inda ƙungiya ke da membobi 15 zuwa 45. A ƙasashen biyu duka, ƙofa a rufe take ga ɗan yawon buɗe ido.

Wani malaminmu ya yi ƙorafi cewa gama-kai kalma ce mai mutunci, jingina ta da wiwi kamar wanke abin ne. Malam, na ji, kuma ni ma ba na goyon bayan shan ta. Mun ga abin da ta yi wa samarinmu, kuma a Najeriya laifi ce da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke kama mutum a kai. Amma kalmar tsari take bayyanawa, "wiwi" kuma na nan a gefenta ba a ɓoye ba. Mai karatu zai yi nasa hukuncin.

Don haka a rubutuna daga yanzu: shagon wiwi ga na Holan, gama-kan wiwi ga na Sifaniya, Jamus, Malta da Yurugwai. Wanda yake da wadda ta fi wannan gajarta, matuƙar tana nuna cewa sai ɗan ƙungiya, ya kawo mu duba.