Tanki ko kududdufi: wanne ya kamata mu fara yi kafin bazara?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara a madadin kwamitin raya ƙauyenmu da ke ƙasar Kazaure. Mu kimanin mutum 1,200 ne, ban da dabbobi, kuma abin da muke dogaro da shi shi ne rijiyar burtsatse guda ɗaya mai aiki da hasken rana, sai tsofaffin rijiyoyi biyu da suke ƙafewa tun a watan Maris. Duk shekarar da damina ta makara, jarkoki kan kwana a layi, an ɗaure su da igiya don kada a tsallake wa mutum wuri. Mun tara kuɗi, amma ba za su ɗauki aiki biyu ba. Dattawa suna son a yashe tsohon kududdufi a faɗaɗa shi, matasa kuwa sun fi son a kafa manyan tankuna a riƙa tara ruwan kwanon makaranta. Wanne ya fi dacewa?

Injiniya daga Dutse:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku fara da lissafi kafin ku sayi ko buhun siminti ɗaya. Idan aka ware wa kowane mutum lita 20 a rana don sha da girki da tsafta, ƙauyenku yana buƙatar lita 24,000 kullum, wato jarka 960 mai cin lita 25. To, kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana ba da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi. Mu ɗauka kwanon makarantarku murabba'in mita 200 ne, kuma an sami milimita 600 a damina: lita 120,000 ke nan, idan kuma aka cire ruwan farko mai wanke ƙura da kashin tsuntsaye da abin da yake zuba daga indararo, da ƙyar 100,000 za ta rage. Wannan ruwan kwana huɗu ne kacal ga dukan gari. Zai amfani ɗalibai matuƙa, amma ba zai fitar da ku bazara ba.

Shawarata ita ce a fara gwada ƙarfin rijiyar burtsatsen a watan Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa, domin a yankinku dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagoginsa, ba kamar wajen Haɗeja ba inda yashi yake riƙe da shi. Idan rijiyar tana da ƙarfi, ku kafa tankin da zai ɗauki ruwan kwana biyu ko uku, saboda ranakun da hazo ya dushe rana ko famfo ya lalace.

Dattijo daga Gumel:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ban ga shanu a lissafinka ba. Saniya ɗaya takan sha lita 30 ko fiye a tsakiyar zafi, kuma idan ba a yi wa dabbobi mashaya ba, a bakin famfon nan za a yi ta rigima da makiyaya. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san cewa dabba ce take fara faɗuwa, sannan arzikin gida ya bi ta. Kada a raina ra'ayin dattawan ƙauyen. Gyarana ɗaya ne: kada a faɗaɗa kududdufin, a zurfafa shi. Rana da iska suna ɗauke kusan mita biyu na ruwan da yake a buɗe cikin shekara, saboda haka mai faɗi marar zurfi ba ya kai watan Fabrairu. A daɓe gindinsa da laka, a haƙa ɗan rami a mashigar ruwa domin yashi ya kwanta a can, sannan a kewaye shi da ƙaya.

Ma'aikaciyar Lafiya, Ɓaɓura:
Baba ya yi gaskiya game da dabbobi, sai dai ina roƙon kada ruwan kududdufi ya shiga randa. Ko da yake an tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, tsargiya da amai da gudawa suna nan, kuma yaran da suke wanka a irin wannan ruwa su ne ake kawo mana suna fitsarin jini. Shi ma tankin sai an rufe shi, an riƙa wanke shi ana zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ku kuma saka mata a kwamitin, domin su suka san sa'ar da layi yake tsananta da yawan bakin famfon da ake buƙata.

Sakataren Kwamiti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zurfafa kududdufin za mu iya yin sa da aikin gayya bayan girbi, kuɗin kuwa su tafi wajen tanki. Injiniya, wa za mu nema ya gwada mana rijiyar, kuma sa'o'i nawa ake barin famfo yana ja kafin a amince da sakamakon?