Neman kalma: me za mu kira "school partnership" da Hausa?

Malamar firamare: Salamu alaikum malamai, a taimaka don Allah. Makarantarmu ta ƙulla da wata a Ingila da wata a Kenya, ranar Alhamis malaman duka ukun za mu zauna ta Zoom mu tsara aikin zango, kuma hedimasta ya ce kafin nan sai takarda ta je wa iyaye da Hausa. Ko lokacin zaman da ƙyar muka daidaita don Kenya na gabanmu da awa 2. Tsorona kar iyaye su ɗauka tallafi ne ake rabawa ko yara za a kai Turai.

Malamin Hausa: Haɗin gwiwar makarantu, shi kenan.

Malamar firamare: Na yi tunaninsa malam, amma a kunnen iyaye haɗin gwiwa aikin gwamnati ne da ƙungiyoyin agaji, gobe za su zo tambayar ina kuɗin.

Ɗan Damagaram: Mu nan jumelage ake cewa, daga kalmar tagwaye take a Faransanci, garuruwan Faransa da Jamus sun yi ta yin sa bayan yaƙin duniya na biyu, kuma shirin Tarayyar Turai na haɗa makarantu na 2005 ma eTwinning sunansa, daga kalmar tagwaye ta Ingilishi. Ni tagwaitaka nake cewa kullum, tagwaitakar makarantu, ba babba ba ƙarami.

Malamin Hausa: Wa ya taɓa jin tagwaitaka a kasuwa? Fassarar Faransanci ce kawai ka sa mata hula.

Ɗan Damagaram: To ku na Kano in kun ari Ingilishi Hausa ce, mu in mun ƙirƙiro sai a ce ba a taɓa ji ba? Abokantaka da 'yan'uwantaka da wane awo aka gina su in ba wannan ba?

Malamin Hausa: Ba raini ba ne wallahi, ginin daidai ne, karɓuwa nake magana.

Tsohon hedimasta: Ku yi haƙuri 'ya'yana, malama lokaci ya ƙure mata. Makarantu uku ta ce, tagwaye kuwa biyu ne, nan kalmar ta gaza. Lokacin da British Council ke shirin Connecting Classrooms ƙawance muke ce wa iyaye, kuma sun gane, yara su yi aiki ɗaya su yi musayar wasiƙu, malamai su ziyarci juna.

Malamin Hausa: Baba ƙawance yanzu sai a tuna 'yan siyasa da NATO.

Malamar firamare: Na gode Baba, zan sa ƙawancen makarantu, a ƙasa in ƙara layi cewa musayar ilimi ce tsakanin malamai da ɗalibai, babu rabon kuɗi.

Ɗan Damagaram: Allah ya ba da sa'a malama. Amma duk inda makarantu biyu ne ni tagwaitaka zan ci gaba da rubutawa.