Me ya sa wa'adin Chen Po-wei a majalisar Taiwan ya gajarta?

Mai tambaya: Jama'a, don Allah mene ne ya raba Chen Po-wei da kujerarsa kafin ya cika shekara 2 a majalisar dokokin Taiwan?

Amsa ta 1: Malam, kiranye aka yi masa a Oktoban 2021, bayan ya kayar da Yen Kuan-heng na jam'iyyar Kuomintang a mazaɓa ta biyu ta birnin Taichung a Janairun 2020, kuma shi ne ɗan majalisar dokoki na farko da aka tsige ta wannan hanya.

Amsa ta 2: A ganina, doke gidan Yen mai tsohon tasiri a yankin ne ya tara masa abokan hamayya, ko da yake a zaɓen cike gurbi na Janairun 2022 Yen ya sake shan kaye a hannun Lin Ching-yi ta jam'iyyar DPP (Democratic Progressive Party).