Musayar waƙa: sarƙar wuya, ado ce ko ajiya?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Amsa-amon yau "ya" ne, wanda ya karya shi goro ne tararsa.

Ina da tambaya, mata ku amsa,
Sarƙar da ke rataye a wuya,
Don kwalliyar biki aka ƙera ta,
Ko kuwa asusu ce ta ajiya?

'Yar Agadas:
Yaya, kin fara da zancen gwal,
Mu nan azurfa ce dukiya.
Buzuwa ba ta ɗokin zinare,
Fara take so mai walƙiya.
Da kakin zuma maƙeri ke siffa,
Ya rufe da yumɓu gaba ɗaya,
Kaki ya narke, azurfa ta zauna,
Tambarin Agadas ya hau wuya.
Garin Tawa da Ingal kowa da nasa,
In kin ƙirga su, 21.

Ɗan Maƙera:
Ƙanwata, azurfar daga ina?
Bari ɗan gado ya faɗi gaskiya.
Akwai kuɗi mai hoton mace,
Mariya Tereza ta Ostiriya,
1780 ke rubuce a jikinsa,
Ko an buga shi shekaru a baya-baya.
Ya ratsa Habasha, ya ratsa Yaman,
Raƙuma suka biyo da shi hanya,
Wasu su huda shi su rataya,
Wasu su narke shi, munduwa ta ishi amarya.

Hajiya Mai Dubai:
Wannan baitin naka na ƙarshe ya fi zanen goyo tsawo, amma mun yafe.

A kasuwar Dera ta Dubai,
Na sha ganin matan Indiya,
Gwal mai karat 22 suke tambaya,
Mu 21, irin na Saudiyya.
Can Indiya, ranar aure ango ke ɗaura wa amarya
Sarƙar mangalsutra da hannunsa a wuya,
Baƙaƙen duwatsu haɗe da gwal,
Kowa ya gani ya san da igiya.
Warwaron gilas na garinsu Firozabad
Arha ne, amma yana da magana ɗaya:
A wasu gidajen, miji in ya rasu
Shi ake fara fasawa, ba tambaya.
Gwal ɗin da iyaye suka ba ta kuwa
Nata ne, ba na miji ba, ba na kishiya.
Shawarata, ku sayi mai nauyi,
Mai yawan zane asara ce, Yaya,
Ran sayarwa giram ake aunawa,
Kuɗin aiki ya bi ruwa, sai juyayi.

'Yar Agadas:
Hajiya ta karya! "Juyayi" ba "ya" ba ne. A kawo goro.

Malam na Zaure:
Kafin a raba goron ku saurara,
Tambayar nan ta taɓo shari'a, Hajiya.
Wanda ake sawa don kwalliya
Ba zakka a kansa gun Malikiyya,
Abu Hanifa ya ce a fitar,
Ko ana sa shi dare da safiya.
Amma wanda aka saya a ɓoye
Don ranar ɓacin rana ko jinya,
In ya kai dinari 20 ya shekara,
Ko a namu mazhabin sai an biya.

Hajiya Mai Dubai:
Allah gafarta Malam, ka ɗaga min hankali,
Akwatina ya daɗe a ƙarƙashin kaya.
Gobe akwai suna a maƙwabta,
Duk zan zuba su, ko za su karya wuya.